Wushiryata, wayar haƙori, da bikin da ya rage wata bakwai

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce 'yar shekara 24, a Tudun Wada nake a nan Zariya, ina koyarwa a wata firamare mai zaman kanta. Tun ina ƙarama haƙorana na sama suka turo waje, don na sha yatsa har na kai aji huɗu. Ina da wushirya, kowa na yabawa, amma in ban da ita babu abin da nake so a bakina. Leɓena ba ya rufuwa sai na matse, haƙoran ƙasa sun hau kan juna, in ina tauna kuma sukan soki dasashin sama ta ciki, wani lokaci har jini. A makaranta zomo ake ce min. Har yau in za a ɗauki hoto sai na kai hannu baki.

Na yi adashi na je wurin likitan haƙori. Ya ɗauki hoto, ya cusa min wani abu kamar ƙullu ya fitar da siffar bakina, ya auna haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Ya ce wai ina "aji na biyu", kewayen haƙorana na sama ya tsuke, na ƙasa kuma sun yi wa na sama girma. Ya rubuta 83 a takarda, ya ce kamata ya yi a ga wajen 77. Wai sai an cire min lafiyayyun haƙora biyu a sama, a goge gefen na ƙasa kaɗan, in sa waya kusan shekara biyu, a rufe wushiryar.

Ga inda gizo ke saƙar: an sa ranar aurena, saura wata bakwai, kuma Kaduna za a kai ni. Mama ta ce ba da yawunta ba, cire lafiyayyen haƙori da goge haƙori canza halittar Allah ne, akwai tsinuwa a kai. Wanda zan aura ya ce wushiryar ce ta fara jan hankalinsa, kuma ba ya son ganin amaryarsa da ƙarfe a baki ranar biki. Ƙawata kuma ta nuna min wata mai shago da ke sa waya da araha, ta ce wata shida an gama, ba a cire komai. Anti, na rasa na kamawa. Son zuciya ne ke damuna, ko da gaske ina da lalura?

'Yarki daga Tudun Wada

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin da rai da lafiya.

Tambayarki ta ƙarshe zan fara ɗauka, don ita ce ta fi ci miki rai, na gani. Lalura ce. Haƙorin da ke sukar dasashi har ya fitar da jini ya wuce maganar kwalliya. Leɓen da ba ya rufuwa yana barin baki a bushe, dasashin gaba ya riƙa ja yana kumburi. Haƙoran da suka turo waje su ne farkon karyewa in mutum ya faɗi ko Keke Napep ya taka birki ba shiri. Waɗanda suka hau kan juna kuma buroshi ba ya shiga tsakaninsu, can datti ke taruwa ya zama dutse. Sai a ɗora da shekara goma sha wani abu da kika yi kina kare baki da hannu, wanda ni ban ɗauke shi ƙaramin abu ba. Sai dai lalurar taki ba irin ta a kwana a asibiti ba ce. Ta jira ki tun kina firamare, za ta iya ƙara jiran 'yan watanni. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Abubuwa uku likita ya faɗa miki a zama ɗaya, ga alama kuma da sauri ya faɗe su, shi ya sa suka cuɗe miki. Bari mu warware su.

Aji na biyu dai ba na jarrabawa ba ne, malama, kada ki ce kin faɗi. Wani likitan haƙori ɗan Amurka mai suna Edward Angle ne ya kasa cizon mutane gida uku a 1899, har yau kuma da rabonsa ake aiki. Abin da ya duba shi ne matauni na farko, babban haƙorin nan da ke fitowa can baya tun yaro na shekara shida, kafin ma famfara ta yi nisa. In na sama ya zauna daram a gurbinsa a kan na ƙasa, aji na ɗaya ke nan. In na ƙasa ya ja baya, haƙoran gaba na sama suka yi gaba suka bar 'yan uwansu, aji na biyu. In na ƙasa ne ya wuce gaba, haɓa ta turo, aji na uku. A cizon da ya daidaita, haƙoran gaba na sama sukan wuce na ƙasa da milimita 2 zuwa 3, su ɗan lulluɓe kansu. Naki sun yi nisa har na ƙasa sun rasa abin da zai tare su, sai suka ci gaba da tsawo har suka taɓo ganɗa. Jinin da kike gani ke nan. Wani lokaci laifin na haƙora ne kaɗai, wani lokaci ƙashin muƙamuƙin ƙasa ne ya gajarta, hoton da ake ɗauka ta gefen kai shi ke raba gardama. Ki tambayi likitanki wanne ne naki, don amsar tana canza irin aikin da za a yi.

Na biyu, tsukewar kewaye. Haƙora a jere suke a lanƙwashe kamar kofaton doki, kuma kowa da irin lanƙwasarsa: ta wani mai faɗi ce kamar bakin akushi, ta wani kamar ƙwai, ta wani kuma ta tsuke ta yi tsini a gaba. Shan yatsa na shekaru yana haifar da ta ukun. Yatsa na tura haƙoran sama waje, kumatu na matse gefe da gefe a duk zuƙa, harshen da ya kamata ya tokare ganɗa ta ciki kuma an danne shi ƙasa. Da a ce kina shekara tara ko goma aka kai ki, da aikin ya zo da sauƙi, domin a tsakiyar ganɗar yaro akwai ɗinkin ƙashi da bai gama haɗewa ba, ana iya buɗa shi a hankali a samu fili. A shekara 24 yawanci wannan ɗinki ya riga ya kama. Waya za ta iya ɗan buɗa haƙoran, amma ba ta iya fitar da su daga cikin ƙashin da ke riƙe da su, in an matsa sai dasashi ya janye, saiwa ta fito fili. Daga nan maganar cire haƙora ta samo asali. Ana son a mayar da haƙora shida na gaba baya, bayan kuwa a cike yake, kamar benci ne da ɗalibai suka cika. Sai a ɗaga ɗaya daga kowane gefe, yawanci ƙaramin mataunin da ke bin fiƙa, mai faɗin wajen milimita 7. Gurbin ba ya zama giɓi, na gaba ne ke matsowa su cike shi, in an gama ba mai sanin an cire komai sai likita.

Na uku shi ne 83 da 77, kuma a nan zan ɗan daɗe, don a nan mafitarki take. Ki ɗauki kwanon sha da murfinsa. Dole murfi ya ɗan fi bakin kwano faɗi kafin ya rufe. Haƙoran sama su ne murfi, na ƙasa kwano. A 1958 wani likita mai suna Wayne Bolton ya auna bakin mutum 55 masu cizo mai kyau, ya tara faɗin haƙora shida na gaba na ƙasa, daga fiƙa zuwa fiƙa, ya gwada da shida na sama. Ya tarar na ƙasa sukan kai kashi 77.2 cikin ɗari na na sama. Da ya faɗaɗa lissafin zuwa haƙora goma sha biyu sama da ƙasa, sai ya samu 91.3. Tun daga lokacin masu jera haƙora sukan yi wannan awo kafin su sa waya. Bari in ba ki misali da lissafi irin na allo. A ce haƙoranki shida na sama sun tashi milimita 45. Abokan zamansu na ƙasa ya kamata su tashi wajen 34.7. In suka tashi 37.5, kin ga an samu 83 ke nan, rarar ta kusa milimita 3. A ido ba komai ba ce, ba ta fi ƙwayar gero ba. A baki kuwa tana da yawa. Rarar da ba ta kai milimita ɗaya da rabi ba likitoci ba su cika damuwa da ita ba, amma uku sai an nema mata wurin zama. In aka yi biris da ita, aka ja haƙoran sama baya aka haɗe su tsaf, murfi zai yi wa kwano kaɗan. Ko dai haƙoran su riƙa karo baki da baki suna cinye juna, ko kuma bayan an cire waya na ƙasa su sake tura na sama, ramukan da aka rufe su buɗe.

Hanyoyin biyan wannan bashi ba ɗaya ba ne. Ana iya rage kwano, wato goge gefen haƙoran ƙasa da likitanki ya ambata. Ba irin gogewar da kike tsoro ba ce, abin da ake ɗauka tsakanin haƙori da haƙori bai wuce rabin milimita ba, daga farin ɓawon waje kawai, kuma a hannun gwani ba ya jawo tsami ko ruɓa. Amma ɓawon nan ba ya sake tsirowa, don haka da awo ake yi. Ana iya ƙara murfi: ki duba madubi, haƙora biyun da ke maƙwabtaka da manyan na gaba a sama, sau da yawa su ne ke fitowa ƙanana, sai a faɗaɗa su da farin ciko mai launin haƙori. Akwai kuma hanya ta uku, wadda littafin likita bai cika kawowa a gaba ba, ita ce a bar fili a sama da gangan. Wane fili kuma ya fi wanda Allah ya riga ya ba ki a tsakiya?

Mutum 55 ɗin da Bolton ya auna Turawan Amurka ne, a wurinsu kuwa rata tsakanin haƙoran gaba aibi ne da ake biyan kuɗi a rufe. Mu nan waƙa ake yi wa mai ita. Binciken da aka yi daga baya a kan wasu al'ummomi, har da baƙar fata, ya nuna lambar tana ɗan motsawa daga jinsi zuwa jinsi, ko da yake 83 ta yi nisa a kowane ma'auni, kada ki ce na ce likitanki ya yi kuskure. Abin da nake nufi shi ne rufe wushirya ba sharaɗi ba ne na gyaran cizo. Abin da ke cutar da ke shi ne turowar haƙora, da sukar dasashi, da cunkoson ƙasa. Wushirya ba ta cikinsu. In aka bar miki ita ƙarama, milimita ɗaya da rabi ko biyu, ta biya wani kaso na bashin nan, gogewar da za a yi a ƙasa ta ragu. Na tabbata likitan bai tambaye ki ko kina son ta ba, ke ma ba ki faɗa ba, don mu in muka shiga gaban likita sai mu zama kurame. Ki koma ki faɗa masa da bakinki: "Likita, ina son wushiryata, za a iya tsara aikin a bar min ita?" Shi ya ga siffar bakinki, ni ban gani ba, ƙila yana da dalilin da zai ce a rage ta fiye da yadda kike so. To ya faɗi dalilin, ki ji.

Ki kuma tambaye shi me zai faru in ba a cire haƙoran biyu ba. Akwai bakin da za a iya gyarawa da filin da ke akwai, a samu sauƙi ko da bai kai cikakke ba, akwai kuma wanda in ba a cire ba wahalar banza za a sha. Haƙori in ya fita ba ya komawa, don haka haƙƙinki ne ki ji ta bakin likita na biyu kafin a taɓa ko ɗaya. Ki je sashen haƙori na asibitin koyarwa da ke Shika, ki ce a haɗa ki da wanda ya ƙware a jera haƙora, don ba kowane likitan haƙori ne ya karanci wannan fanni ba, ƙarin karatu ne na shekaru. Ki tafi da hotunanki da takardar awon. Likitan kirki ba ya jin haushi don an nemi ra'ayin ɗan uwansa.

Yanzu Mama. Kada ki kuskura ki ɗauke ta a wadda ba ta waye ba. Abin da ta faɗa yana da tushe. Hadisi ne ingantacce daga Abdullahi ɗan Mas'ud, Bukhari da Muslim duk sun kawo shi, an la'anci masu goge haƙora su buɗa tsakaninsu don neman kyau, masu canza halittar Allah. Ki lura da abin da aka hana: mace mai lafiyayyun haƙora ta sa a goge mata don ta ƙirƙiri rata. Wato ma dai wushiryar kanti. Malamai sun bambanta wannan da gusar da aibi ko cuta, suna kafa hujja da sahabin nan Arfaja, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. A kan wannan ne malamai da dama suka halatta jera haƙoran da suka karkace ko suka turo. Amma ba daga bakinki ya kamata Mama ta ji wannan ba. Uwa ba ta son 'yar da ta goya ta zaunar da ita tana ja mata hadisi. Zariya ba a rasa malamai ba. Ki nemi wanda ita take ganin girmansa, malamar Islamiyyarsu ko limamin unguwa, ki sa Yayanki ko Baba ya kai tambayar, a faɗi gaskiyar lamarin har da jinin, a dawo mata da amsa.

Sannan ina zargin ba fatawa kaɗai ke damun ta ba. Tsoro ne. A wurin iyayenmu haƙori sai ya ruɓe ya hana barci ake cire shi, kuma ƙila ta taɓa jin masu cewa cire haƙorin sama yana taɓa ido, wanda ba gaskiya ba ne. Wataƙila ma akwai ɗan ciwon rai, don duk lokacin da aka ce shan yatsa ne ya jawo, ita za ta ji kamar an ce ba ta kula ba. Kada ki sake ambatar yatsan nan a gabanta. Ki roƙe ta ta raka ki asibiti, a ɗora mata siffar bakinki ta farar ƙasa a tafin hannu, ta haɗa sama da ƙasa da kanta, ta ga inda haƙori ke nutsewa a dasashi. Abin da ido ya gani ya fi bayani dubu. In kuma ta ji wushiryar 'yarta na nan, gogewar ma an rage, rabin faɗan ya mutu.

Angon naki kuwa, ban ga laifinsa ba tukuna. Namijin da ya ce yana son ki yadda kike, ba a raina wannan. Amma ina da tambaya: ya san da jinin? Ya san da sunan da aka sa miki a makaranta? Na fi zaton ce masa kika yi kina son gyara haƙoranki, shi kuma ya ji kamar kin ce za ki canza fuskar da ya gani ya ce yana so. Ki faɗa masa abin da kika faɗa min, ba ragi. Buƙatunsa biyu ne, wushirya da hoton biki, duka biyun kuma ana iya biya masa. Taki buƙatar ita ce ya amince tun yanzu, kafin a shafa fatiha, cewa bayan biki za ki riƙa zuwa asibiti duk bayan mako huɗu zuwa takwas har kusan shekara biyu, ku kuma yi maganar wanda zai biya me. Ki sa wani babba a cikin maganar, ko Yayanki ne, don alkawarin saurayi a zaure yana da saurin mantuwa. In kin gaya masa kina zubar da jini ya ce shi dai bai yarda ba, to ki sake rubuto min, wannan wata magana ce daban da ta haƙori.

Mai shago kuwa, a'a. Ko kyauta ta ce, a'a. Haƙori ba ƙusa ba ce da aka buga a katako. Saiwarsa a rataye take cikin ƙashi da wasu siraran zaruruwa. In aka tura shi a hankali, ƙashin da ke gabansa yana narkewa, wani sabo yana ginuwa a bayansa, da haka yake tafiya, kusan milimita ɗaya a wata. Wannan saurin jiki ne ya yanke shi, kuɗi ko ranar biki ba sa ƙara shi. In aka ja da ƙarfi don a gama a wata shida, saiwa na iya cinyewa ta gajarce, jijiyar haƙori ta mutu ya yi baƙi, ko ya fara girgiɗi. Mai shago ba ta ɗauki hoton saiwa ba, ba ta auna 83 ba, ba ta san inda za ta kai haƙoran da ta ja ba. Akwai masu ɗaura ƙaramar roba a haƙoran gaba don su haɗe, robar ta silale ta shige ƙarƙashin dasashi ta ci ƙashi har haƙoran su zube. Ga kayan aikin da ke shiga bakin wannan su shiga na wancan, ciwon hanta kuwa ta jini yake bi. Duk wanda zai sa miki waya, ya zama likita mai rajista da hukumar likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa. Ƙawarki da zuciya ɗaya ta kawo shawara, ki yi mata godiya, ki ce araha ba ta ado.

Saura lokaci. In kika sa waya yau aka cire haƙora biyu, ranar bikinki za ta same ki a tsakiyar aiki, ramukan ba su gama rufewa ba, ga ƙarfe. Akwai mafita in kin nace: ana yin maɓallan waya, wato 'yan ƙananan abubuwan da ake mannawa a jikin haƙora su riƙe wayar, masu launin haƙori da ba sa fitowa sosai a hoto, akwai robar nan mai garai-garai da ake sa wa haƙora a madadin waya, ana cirewa a mayar, wadda sai an sa ta awa 20 zuwa 22 a rana, ga tsada, kuma ba kowane baki take yi wa aiki ba. Wasu likitocin ma sukan cire wayar gaba na 'yan kwanaki su mayar bayan biki, da ƙarin kuɗi. Duk suna yiwuwa. Amma da ni ce ke, ba zan fafe gora ranar tafiya ba. Watannin nan bakwai zan yi shiri da su: a wanke haƙora a kankare dutsen, a cike duk wani rami, a duba wurin da ke jini a ga ko yana buƙatar wani abu na wucin gadi da zai kare shi, a ji likita na biyu, a gama da Mama da ango. Sai a sa waya wata ɗaya ko biyu bayan tarewa, a ranar da kuka rubuta tun yanzu. Na ce a rubuta, don "sai bayan biki" ita ce ƙofar da abubuwa da yawa suke bi su ɓace.

Dalili na biyu da ya sa na fi son haka shi ne Kaduna. Wannan aiki da likita ɗaya ake so a fara a gama. Canza hannu a tsakiya yana jawo sabon awo, sabon kuɗi, wani lokaci sabon tsari. Ko dai ki zaɓi likita a Kaduna tun farko, ko ki tabbatar za ki iya hawa mota daga Kawo zuwa Kwangila duk wata ba fashi, wanda kuma zai ba ki dalilin leƙa Mama. Ki tambaya ko ana biya kashi-kashi, da yawa suna karɓa. In Allah ya kawo rabo da wuri, waya ba ta hana ciki, ciki ba ya hana waya, sai dai an fi son a gama hotuna da cire haƙori kafin nan, kuma dasashin mai ciki yana saurin kumburi, sai an ninka tsafta. Ki faɗa wa likita da zarar kin yi zato.

Zama da waya akwai ɗan wuya, ba zan ɓoye miki ba. Kwana uku zuwa biyar bayan an sa, da duk lokacin da aka ƙara ɗaure ta, haƙora za su yi tsami, ko burodi sai kin lallaɓa. Ke Bazazzagiya ce, fate ba baƙonki ba ne, shi da kunu za su riƙe ki. Goruba, rake, aya, ƙuli-ƙuli, kilishi, cingam da tauna ƙashin kaza, sai wata rana. Buroshi bayan kowane cin abinci, a bi maɓalli ɗaya-ɗaya, in ba haka ba ranar da aka cire waya za ki tarar da fararen tabo a zagaye da inda suka zauna. Alwala da azumi ba abin da ke taɓa su.

Abu ɗaya da ba a faɗa wa mutane da ƙarfi shi ne ranar cire waya ba ita ce ƙarshe ba. Haƙori yana da ƙulafucin tsohon gidansa. Za a ba ki abin riƙe su, ko roba da ake kwana da ita, ko siririyar waya da ake mannewa ta bayan haƙora. 'Yar ƙanwata ta yi wata ashirin da biyu da waya, haƙora suka jeru gwanin sha'awa. Muka je wani biki a Sabon Gari, ta cire robarta za ta ci abinci, ta naɗe a tishu ta ajiye gefen faranti, masu kwashe kwanuka suka haɗa da ita. Kunya ta hana ta faɗa, sai da aka yi wata uku uwarta ta lura haƙori ɗaya na ƙasa ya fara juyawa. Sabuwar robar da aka yi mata da ƙyar ta shiga, tana kuka tana turawa. Ke da za a bar wa wushirya da awo, riƙon nan ya fi zama dole a kanki, don ratar da aka bari tana iya ƙaruwa in ba a tsare ta ba. Ki sayi ɗan akwatinta guda biyu, ɗaya a jaka ɗaya a ɗaki.

Ki gaishe min da Mama. In kun dawo daga wurin likita ke da ita, ki rubuto min, ina son jin milimita nawa ya ce zai iya bar miki.